RANAR WANKA BA A ƁOYON CIBI

Malam Edita, ina roƙo ka ba ni ɗan fili cikin shafukan Hausa na mujallarmu, in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu magana a kan wani al'amari wanda yawancinmu ba mu so a ambace shi cikin taro. Al'amarin nan shi ne cutar ƙanjamau, da abubuwa uku da su ke hana a karya mata ƙarfi a ƙasarmu, watau ƙyamar da a ke nuna wa masu ita, da dokar da ta ke ɗaure maza masu neman maza, da kuma talauci. Na san wani tun daga nan zai ɓata fuska, ya ce ina ruwan mujallar kwalejin horon malamai da wannan zance. Ruwanta kuwa babba ne. Nan da shekara ɗaya ko biyu ko wannenmu za a danƙa masa aji mai yara hamsin ko sittin, abin da ya koya musu kuwa shi za su kai gidajen iyayensu. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bari mu fara da abin da likitoci suka tabbatar. A Amurka aka fara gane cutar nan cikin 1981, a Nijeriya kuwa cikin 1986 aka ba da labarin mutum na farko da ta kama. A wancan zamani wanda aka ce yana da ita sai ya fara sallama da iyalinsa, don babu magani. Daga 1996 al'amari ya sake, aka sami magungunan da su ke danne ƙwayar cutar, wadda a ke kira HIV. Yau yawancin masu ita ƙwaya ɗaya tak su ke sha a yini, su yi noma, su yi kasuwanci, su yi aure, su tsufa kamar kowa. Wanda ya riƙe magani sosai har ƙwayar ta kwanta, awo ya daina ganinta cikin jininsa, ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya. Mace mai ciki in ba ta sha magani ba, cikin jarirai 100 tsakanin 15 da 45 za su ɗauka daga iyayensu mata. In kuwa ta sha, ba su kai 5 ba. Har akwai maganin rigakafi wanda mai lafiya zai riƙa sha don kada ya ɗauka, kuma cikin 2025 Amurka ta yarda da wata allura da a ke yi sau biyu kaɗai a shekara don wannan aiki.

To, tun da ga magani, ina gizo ya ke saƙa? Babban awon da aka yi a dukan jihohin Nijeriya cikin 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 1.9 su ke ɗauke da ƙwayar, watau kashi 1.4 cikin 100 na waɗanda shekarunsu ke tsakanin 15 da 49. Cikin 2023 kaɗai an ƙiyasta mutum wajen 75,000 sun ɗauka sabuwa, wajen 45,000 kuma sun mutu. Dalili shi ne magani ba shi da ƙafa. Yana can cikin kwali a asibiti, sai mutum ya tashi ya je an auna jininsa, ya karɓa, ya riƙa komawa har iyakar ransa. Duk abin da ya tsaya tsakanin mutum da ƙofar asibiti, to, ma'aikacin cutar ne, ko da kuwa da kyakkyawar niyya aka ajiye shi wurin.

Na farko cikin ma'aikatan nan shi ne ƙyama. Ku duba yadda mu ke yi. In aka ji ƙishin-ƙishin wance tana da ita, sai a ware mata kwano da moɗa, maƙwabta su daina sayen ƙosanta, dangin miji su ce ita ta kawo, alhali ba a auna mijin ba. Malami in asirinsa ya tonu sai iyaye su fara janye 'ya'yansu. Cutar nan kuwa ba a ɗaukarta ta cin abinci tare, ko gaisawa, ko zama kan benci ɗaya, ko cizon sauro. Hanyoyinta sanannu ne: kwanciya ba tare da kariya ba, da jini, da allura ko aska da wani ya yi aiki da ita ba a tsabtace ba, da kuma daga uwa zuwa jariri. Amma mai kallo yana lura. Wanda ya ga abin da aka yi wa wance, yaushe zai kai hannunsa a ɗebi jini? Sai ya ce gara ya zauna bai sani ba. Ƙwayar kuwa ta kan yi shekara takwas ko goma cikin jiki ba ta nuna alama ba, cikin shekarun nan mutum ya yi aure, ya ƙara aure, ya haifu, duk bai san abin da ya ke rabawa ba.

Ƙyama ta kan kai har ga kisa. A Afirka ta Kudu, cikin Disamba 1998, wata mace mai suna Gugu Dlamini ta faɗa a rediyo cewa tana ɗauke da ƙwayar, don ta ƙarfafa wa waɗansu zuciya. Ba a yi wata guda ba mutanen unguwarsu kusa da Durban suka yi mata duka har ta mutu. Amma an sami manya waɗanda suka nuna wata hanya. Shugaba Kenneth Kaunda na Zambiya ya gaya wa duniya cikin 1987 cewa ƙanjamau ce ta kashe ɗansa. Nelson Mandela ya yi haka cikin Janairu 2005 ranar da nasa ɗan ya rasu. A nan gida, da mawaƙin nan Fela ya rasu cikin Agusta 1997, wansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya taɓa riƙe ministan lafiya, ya tara 'yan jarida a Ikko ya faɗi sunan cutar a fili. Waɗannan mutane sun san za a yi da su, amma sun san kuma shiru ya fi tsegumi kisa.

Kakanninmu sun ga irin wannan game da kuturta. Zamanin da a ke ware kutare a kai su bayan gari, wanda ya ga tabo a jikinsa sai ya rufe da riga, ya yi ta zama cikin iyali har yatsu su fara zuba. Da aka kawo ƙwayar dafson bayan 1950, aka buɗe ƙananan wuraren karɓar magani a ƙauyuka inda mutum zai sha ya koma gidansa, sai ga mutane sun fito dubbai da kansu ba wanda ya kamo su. Nijeriya tana da doka tun 2014 wadda ta hana a kori mutum daga aiki ko makaranta sabo da yana da ƙwayar HIV. Doka ce mai kyau, sai dai mutum nawa suka san da ita a garinku?

Yanzu na iso wurin da ya fi wuyar faɗi, ina kuwa roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya kai ƙarshe kafin ya yanke mini hukunci. Tun zamanin Turawa dokar laifuffuka ta ƙasar nan ta yanka ɗaurin shekara 14 ga namijin da ya kwana da namiji. A jihohi 12 na Arewa da suka kafa dokokin shari'a daga 1999 hukuncin ya fi haka tsanani. Sa'an nan cikin Janairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya. Mutane da yawa suna tsammani aure kaɗai ta hana. Ta wuce nan. Ta yanka ɗaurin shekara 10 ga wanda ya kafa ƙungiyar irin waɗannan mutane, ko ya shiga, ko ya taimaka mata, ko ya goyi bayan taronsu. To, ma'aikacin lafiya da ya tara su cikin ɗaki don ya koya musu rigakafi ya auna jininsu, wa zai tabbatar masa ɗan sanda ba zai kira wannan taro ba?

Ba zato na ke faɗi ba, an auna. Waɗansu likitoci a Abuja sun fara bin lafiyar irin waɗannan maza tun kafin a sa hannu a dokar, suka ci gaba bayanta har mazan suka kai sama da 700, suka buga abin da suka gani cikin 2015. Kafin dokar, kashi 25 cikin 100 suka ce suna tsoron zuwa asibiti. Bayanta suka zama kashi 38. Waɗanda suka ce sun ƙaurace wa asibiti sun tashi daga kashi 20 zuwa 28. Ga kuma lissafin awon da Gwamnati da kanta ta kan yi. Cikin 2007 kashi 13.5 na waɗannan maza aka samu da ƙwayar, cikin 2010 kashi 17.2, cikin 2014 kashi 22.9, cikin 2020 kuwa wajen kashi 25, watau mutum ɗaya cikin huɗu. Ku gwada da mata masu zaman kansu na gidajen karuwai, waɗanda su ma jama'a ba ta yaba sana'arsu. Su ma'aikatan lafiya sun sami hanyar shiga wurinsu da kwaroron roba da awo da magani, sai lissafinsu ya sauko daga kashi 37.4 cikin 2007 zuwa 19.4 cikin 2014. Ƙasa ɗaya, shekaru ɗaya, cuta ɗaya, waɗanda aka iya kai wa hannu ta ragu cikinsu, waɗanda suka ɓuya ta ƙaru.

Wani zai tashi ya ce, “Kai Malam, so ka ke mu halatta abin da addininmu da al'adarmu suka hana?” Ban zo in yi gardama da limamai da fastoci a kan halal da haram ba, wannan fagensu ne, suna kuwa da mumbari da za su yi wa'azi. Tambayata a kan kurkuku ta ke. Wa'azi yana kiran mutum ya matso kusa ya ji. Tsoron ɗauri kuwa kora ya ke yi, wanda aka kora kuma ba ya jin limami, ba ya jin likita. Wani kuma zai ce, “Su suka jawo wa kansu, a bar su da abinsu.” Wannan bai san yadda garinsu ya ke ba. A ƙasarmu namiji in ya kai munzali dole ya yi aure, ko yana so ko ba ya so, sabo da haka da yawa cikin mazan nan suna da mata da 'ya'ya. Mutumin da tsoro ya hana shi awo, da dare gida zai koma. Matar da ke jiransa ba ta taka dokar kowa ba, jaririn da za ta haifa ma haka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ban da wannan duka, shi kansa mutumin ɗan wani ne, ƙanen wani ne, watakila ma ɗalibin da ya zauna gabanka cikin aji, ransa kuwa rai ne.

Waɗansu ƙasashen Afirka sun sake shawara. Mozambik ta cire irin wannan hukunci cikin 2015, babbar kotun Botswana ta soke nasu cikin 2019, Angola ta bi cikin 2021. Botswana kuwa tana cikin ƙasashen farko da suka cika ma'aunin nan na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau cikin masu ƙwayar kashi 95 su san suna da ita, cikin waɗanda suka sani kashi 95 su shiga magani, cikin masu magani kashi 95 ƙwayar ta kwanta. Ba soke doka kaɗai ya kai su nan ba, sun daɗe suna zuba kuɗinsu cikin aikin tun 2002, amma ba su ga sama ta faɗo ba don sun daina ɗaure mutane. Yuganda ta bi ɗaya hanyar, ta ƙara tsananta tata dokar cikin 2023. A ganina ya kamata Majalisar Tarayya ta sake duba dokar 2014, ta fara da sashen nan na ɗaurin shekara 10, ta rubuta a fili cewa babu likita ko ma'aikacin lafiya da za a kama don ya yi aikinsa, babu kuma majiyyacin da abin da ya gaya wa likita zai zama shaida a kansa gaban alƙali. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na uku shi ne talauci, amma a nan sai mu yi hattara. Ƙanjamau ba cutar matalauta kaɗai ba ce. Awon 2018 ya nuna shiyyar Kudu maso Kudu, inda man fetur ya ke, ita ta fi yawa da kashi 3.1, Arewa maso Yamma kuwa, inda talauci ya yi tsanani, ita ce ƙarshe da kashi 0.6. Kada wannan ya sa 'yan'uwana na Arewa su miƙe ƙafa, don kashi kaɗan cikin jama'a mai yawa mutane ne masu yawa, kuma direba da ɗan kasuwa da soja da ɗalibi ba su san iyakar jiha ba. Aikin talauci shi ne ya zaɓi wanda zai tsira bayan an kamu, ya kuma zaɓi wanda ba shi da ikon cewa a'a.

Cikin 2022 Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya ce mutum miliyan 133, watau kashi 63 cikin 100 na 'yan Nijeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da yawa. Ƙwayar magani kyauta a ke ba da ita a asibitocin Gwamnati, gaskiya ne. Amma mota ba kyauta ba ce, balle tun da aka janye tallafin man fetur cikin Mayu 2023. Matar da ke ƙauye mai nisa da asibiti, ranar karɓar magani sai ta biya kuɗin zuwa da komowa, ta bar tallarta ta yini guda, yara su kwana da abin da ya samu. Sau da yawa ma ta kan tsallake asibitin da ke kusa ta tafi mai nisa don kada ta haɗu da wanda ya san ta, sai ƙyama ta ninka mata kuɗin mota. In wata ya zo babu kuɗi sai ta fasa. Wanda kuwa ya ke sha yana fasawa, ƙwayar ta kan farfaɗo, wani lokaci ma ta daina jin maganin.

Ku duba kuma 'yan mata. Awon 2018 ya sami kashi 1.9 cikin mata, kashi 0.9 cikin maza, watau mata sun ninka. Yarinyar da ba a biya mata kuɗin makaranta ba, ga wani mai mota sa'an ubanta ya ce zai biya, da wane baki za ta gindaya masa sharaɗi? Wannan ba labarin nesa ba ne, duk wanda ya zauna a babbar makaranta ya san ana yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ita ƙasar ma tana da nata talaucin, ko kuwa in ce nata sakacin. Mafi yawan kuɗin maganin nan daga waje ya ke zuwa, daga shirin PEPFAR wanda Amurka ta kafa cikin 2003 da kuma Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. Cikin Janairu 2025 Gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon ƙasashen waje farat ɗaya. An bar maganin masu ɗauke da ƙwayar ya ci gaba, amma ayyukan rigakafi da yawa sun tsaya, musamman na mutanen nan da doka ta riga ta kora. Majalisarmu ta ƙara dala miliyan 200 cikin kasafin lafiya na shekarar don a toshe ɓarakar. Madalla da wannan, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci ba shi ya ke yanka lokacin cin tuwo ba.

Abubuwan nan uku igiya ɗaya ce mai tufka uku. A ɗauki saurayi wanda aka gane halinsa, uba ya kore shi, maigidan da ya ke koya masa sana'a ya sallame shi. Ya shiga birni ba wurin kwana, yunwa ta sa ya karɓi abin da aka miƙa masa bisa sharaɗin mai bayarwa. In an cuce shi ba ya iya kai ƙara, don shi za a fara tsarewa. In ya ga alama a jikinsa ba ya iya gaya wa malamin asibiti gaskiya. Wa ya ci riba cikin wannan? Cutar kaɗai.

To, mu malaman gobe, mene ne namu? Ba mu ke yin doka ba, ba mu ke raba kasafi ba, amma muna da allo da alli. Cikin 2003 aka yarda da manhajar koyar da zaman iyali da sanin HIV don makarantunmu, malamai da yawa kuwa su kan tsallake ta don kunya. Kada mu tsallake. Mu koya wa yara hanyoyin da a ke ɗaukar cutar da waɗanda ba a ɗauka, da Hausa ko da harshen da su ke ji, ba da kwana-kwana ba. In uwa ta rufe ƙofa ta gaya maka ɗanta yana shan magani, maganar ta mutu a kunnenka, kada ta kai ɗakin malamai. In yara suna tsokanar wani da sunan cuta, ko suna yi wa wani yaro ihu don tafiyarsa ko muryarsa, ka tsawata kamar yadda za ka tsawata in sun jefe shi da dutse. In yarinya ta daina zuwa don kuɗin makaranta, ka bi sawu tun kafin wani ya riga ka. Mu kanmu kuma mu je a auna mu, ba sai ranar da za a ɗaura aure ba, don malamin da bai san matsayinsa ba, da wace fuska zai tura waɗansu? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wanda bai yarda da ni ba, fili a buɗe ya ke, Malam Edita ba zai hana shi ba, sai dai ina roƙo ya zo da lissafinsa kamar yadda na kawo nawa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba shugabanninmu basirar gyara, mu kuma ya sa mu zama malaman da yaro zai iya gaya wa damuwarsa ba da tsoro ba. Amin.